Muryar Baban Gajera

Gajera ba ta san muryar babanta ba. Ta san fuskarsa, domin akwai hotonsa a bangon ɗakin Inna, yana tsaye riƙe da sifana, ya ƙame kamar wanda aka ce kada ya yi numfashi. Ta san dogo ne, tunda Gwaggo, yayarsa, ba ta gajiya da faɗa mata cewa ba a gidansu ta kwaso gajarta ba. Ta san mai gyaran famfo ne, kuma har yanzu akwai gidajen da in ta shiga sai a nuna mata bututu a ce hannunsa ne. Amma murya, babu. Tana rarrafe Allah ya karɓi abinsa, bayan ɗan ciwon da bai kai a ce an yi jinya ba. Allah ya jiƙansa.

Kaset ɗaya ne ya rage. Wata rana ya sayo rediyo mai kaset, ta hannu, ya shigo da ita yana ɗoki, ya danna jan maɓalli ya yi ta surutu don ya ga ko tana ɗauka. Bayan rasuwarsa Inna ta so ta ji shi. Tana dannawa, kafin ma ya buɗe baki, rediyon ta kama zaren tana tauna. Inna ta ja da ƙarfi, zaren ya tsinke. Ta mayar da abin da ya fito ciki da ɗan yatsa, ta ƙulle kaset ɗin a tsohon ɗankwali, ta tura ƙasan akwati. Ya fi shekara ashirin a can. Ita kuma ta kama aikin guga a gidan wanki, da shi ta raini yarinyar har ta kai jami'a.

A jami'a Gajera aikin rediyo take karanta. Tana shekarar kusa da ƙarshe aka zaɓe ta cikin waɗanda za su je ƙasar waje ɗan gajeren karatu na 'yan makonni, a wani gida da aikinsa adana tsofaffin muryoyi.

"Me za su koya miki a can wanda babu a nan?" in ji Gwaggo. Ta zo rakiya, ta baje kan tabarma tana duba kayan sanyin da aka aro.

"Gyaran tsofaffin muryoyi, Gwaggo."

"To ki fara da tawa. Tun bara ta shaƙe."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, aka ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da ƙullin ɗankwalin ta sa wa Gajera a hannu, ta haɗa da nata hannun ta danne.

"In sun ce ba zai yi ba, ki dawo min da shi yadda yake. Kada ki bari wani ya ga tsumma ne ya jefar."

Gidan muryoyin daga waje ba wani abin kallo ba ne, bene ne mai launin toka tsakanin kantin magani da wurin ajiye kekuna. Abin mamakin yana ƙasa. Ranar farko malamarsu, wata dattijuwa mai farin gashi da tabarau rataye a wuya, ta shigar da su wani ɗan ɗakin ƙarfe, ya yi ta nutsewa da su har kunnen Gajera ya toshe. Ƙofa ta buɗe, sanyi ya daki fuskarta. Ta ga kantoci jere, dogaye, ba ta hango ƙarshensu ba. Kowace kanta cike da kwalaye, kowane kwali da mutum a ciki yana magana, ko yana waƙa, ko yana kuka, sai dai ba a jin komai.

"Yawancinsu sun mutu," in ji Malama, a hankali, kamar kada ta tashe su. "Mu masu gadi ne kawai."

Ta sa farar safar hannu, ta ɗauko wani abu mai kama da gwangwani, na kakin zuma, ta ɗora a na'ura. Aka ji shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Daga cikin ruwan sai ga muryar mace tana rarrashin jariri. Malama ta ce matar ta fi shekara ɗari a ƙasa, harshen da take waƙar da shi ma babu sauran mai jin sa a duniya. Tsakiyar waƙar matar ta yi tari, ta gyara murya, ta ci gaba. Tarin nan ne ya sa tsigar jikin Gajera ta tashi. Ta riƙe ƙarfen kanta, bakinta yana motsi da tasbihi ba ta ma sani ba. Mace ta yi tari wata safiya, ta mutu, jaririn ya tsufa ya mutu, ga tarin nan bai je ko'ina ba.

Aikin yana da ladabinsa. Ba a taɓa zare da hannu tsirara. Ba a shiga ɗakin aiki da shayi. Babbar dokar kuwa, Malama ta maimaita ta har suka haddace: ba a sa tsohon kaset don a ji ko yana yi. Sawar farko tana iya zama ta ƙarshe, domin wani zaren yana wucewa yana zubewa kamar gari. Sai an shirya komai, kwamfuta tana ɗauka, sannan a danna.

Wannan doka ita ta hana Gajera fito da ƙullinta. Ta koyi wanke kan na'ura da auduga. Ta koyi yanka zare da reza a karkace ta haɗa bakinsa ba tare da an ji mahaɗin ba. Ta gyara muryar wani masunci, da ta wani liman, da ta 'yan makaranta suna ƙirga. Nata kuwa yana cikin jaka, kullum tana zuwa da shi tana komawa da shi. Muddin yana ƙulle, babanta yana ciki. In an buɗe aka tarar da gari fa?

Sai da tafiya gida ta kusa. Ranar nan da hantsi, sauran ɗalibai sun fita shan iska, ta ajiye ƙullin a teburin Malama.

Malama ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi da kyau ta ajiye gefe. Ta kai kaset ɗin hanci.

"Kafur," ta ce. "Da wani turare. Wanda ya ajiye shi yana son sa. Na wa ne?"

"Babana."

"Yana raye?"

Gajera ta girgiza kai. Malama ta ɗauko ɗan ƙaramin sukundireba ta buɗe kaset ɗin gida biyu. Funfuna ta yi fari a gefen zaren, zaren kuma ya manne da juna saboda damshin shekaru. Wurin da rediyo ta tauna ya cukurkuɗe kamar gashin da ba a taje ba.

"Wannan yankin ya tafi," in ji Malama. "Kaɗan ne. Sauran sai mun gasa shi."

Gajera ta ɗauka ba ta ji harshen daidai ba. Ashe haka ne. Akwai wata 'yar tanda a kusurwa, zafinta bai wuce na jikin mai zazzaɓi sosai ba, a ciki ake kwantar da zaren da ya manne har damshin ya fita. Da ta gaya wa Inna a waya, Inna ta yi salati.

"Gasawa? A wuta?"

"Ba wuta ba ce, Inna, ɗumi ne kawai."

Daga nesa ta jiyo Gwaggo tana cewa, "Ki ce musu kada su manta da gishiri!" Amma da aka ba ta wayar, muryarta ta canza. "Uwata, ki tsaya a kansa. Kada ki tafi yawo ki bar ƙanena a hannun mutane."

Gajera ta tsaya. Tana leƙawa ta gilashin tandar kamar mai jinya a bakin taga. Da aka fitar ya huce, Malama ta ce Gajera ce za ta yi haɗin da hannunta. Gajera ta ɗauki reza ta yanke taunannen wurin, ta haɗa baki da baki.

Washegari da safe aka sa. Ɗaliban duk sun taru a bayanta. Kwamfuta tana ɗauka. Malama ta kalle ta, ta gyaɗa kai. Gajera ta yi bisimilla ta danna.

Zaren ya juya. Bai tsinke ba, bai zube ba. Aka ji ƙwas, aka ji motsin kujera, sai murya ta fito daga lasifika.

Murya ce siririya, mai sauri, tana tsiwa kamar ta ɗan tsako. Wani daga baya ya fashe da dariya, ya yi maza ya toshe baki. Kalmomin harshenta ne, ta tsinci "yana ɗauka kuwa?" a ciki, amma wannan ba muryar dogon mutum mai sifana ba ce. Ba ma ta mutum ba ce. Ta zauna ba motsi har zaren ya ƙare, hawaye yana ɗiga kan farar safarta.

Malama ta sallami sauran, ta jawo kujera kusa.

"Ki share ido. Mun samu, duk yana cikin kwamfuta, babu abin da zai taɓa shi kuma. Rediyon da batir take aiki?"

"Ina jin haka. Inna ta ce ɗakin da suka zauna a lokacin babu wuta."

"To batiran sun yi sanyi. Zaren ya riƙa tafiya a hankali yana ɗauka. Mu kuma mun sa shi a gudu na daidai, shi ya sa ya tsuke." Ta nuna mata wani abin murɗawa, baƙi, girman murfin kwalba. "Da wannan za mu rage gudun, muryar ta yi ta kauri. Da a ce da wutar lantarki aka ɗauka, wutar tana barin wani ɗan gurnani a ƙasa wanda muke awo da shi. Batir ba ya barin komai. Don haka ban san inda zan tsaya ba."

Ta murɗa kaɗan, ɗan tsako ya zama yaro. Ta ƙara, yaro ya zama saurayi. Ta ƙara, ya zama magidanci, ya zama wani magidancin daban, ya zama ƙato mai murya kamar daga cikin rijiya. Gajera ta saki baki. Maza goma a cikin zare ɗaya, kowanne yana tambaya ko yana ɗauka, kowanne yana iya zama ubanta.

"Ni ban san shi ba," in ji Malama. "Ke fa?"

"Ni ma ban san shi ba."

"Wa ya san shi?"

A can gida rana ta yi tsaka. Inna ta dawo daga gidan wanki kenan, Gwaggo kuwa tun safe tana gidan tana jiran labari. Gajera ta yi musu bayani, ta jingina wayar jikin lasifika, ta ɗora yatsu a kan abin murɗawa.

"Inna, zan riƙa juyawa a hankali. Inda kika ji shi ne, ki ce in tsaya."

Ta sa farkon maganar ya riƙa maimaita kansa, ta fara murɗawa.

"Subhanallahi, wannan ai aljani ne," in ji Gwaggo. "Ci gaba. Ci gaba. Ƙara. Ƙanena murya gare shi irin ta babanmu, in ya yi sallama a ƙofa sai kwanuka sun amsa."

"Yaya, ya yi yawa," in ji Inna. "Koma baya, Gajera. Kaɗan. A'a, kin wuce."

"Ina ta wuce? Ke mijinki kike so ki mayar ɗan yaye?"

"Ni na zauna da shi a ɗaki."

"Ni na goya shi!"

"Da kika goya shi ai bai yi gemu ba."

Malama ba ta jin ko kalma, amma tana murmushi tana kallon wayar. Gajera ta yi gaba, ta yi baya. Inna ta ce tsaya. Ta saurara, ta ce a'a, ƙara. Ta sake cewa tsaya. Ta sake cewa a'a. Muryarta tana ta raguwa, har Gwaggo ta daina musu. 

"Inna? Kina ji na?"

"Ina ji," in ji Inna. "Gajera, ban sani ba. Duk na ji kamar shi ne, duk kuma ba shi ba ne. Kullum ina cewa muryarsa tana kunnena. Ashe maganganun ne suka rage. Muryar ta tafi ban san ranar da ta tafi ba."

Aka ji Gwaggo tana cewa, "Haba, haba, yi haƙuri," ita ma tana kuka.

Gajera ta fassara wa Malama a gurguje. Malama ta cire tabarau ta murza ido.

"Mun tsaya a bakin ƙofa muna ta faɗa," ta ce. "Bar shi ya tafi gaba. Ɗazu kina kuka, ba ki saurara ba. Ba shi kaɗai ne a ɗakin ba."

Gajera ta mayar da abin murɗawa inda yake da farko, ta saki maganar ta wuce. Ɗan tsakon ya yi ta surutunsa. Aka ji ƙarar kwano. Sai ga wata muryar daga nesa, ta fi tasa tsini, tana faɗa da sauri.

"Wace ce wannan kuma mai baki kamar zabuwa?" in ji Inna, tana jan hanci.

Gwaggo ta bushe da dariya cikin kuka. "Ke ce mana, uwar faɗa! Wa zai shiga ɗakinsa da kwanuka in ba ke ba?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

Gajera ta ware wurin da macen take magana, ta sa ya riƙa maimaitawa, ta rufe ido. Wannan muryar ba ta bukatar kowa ya gaya mata. Ta ji ta ta bango, ta ji ta a kan gadon zazzaɓi, ta ji ta tana kiranta daga bakin titi. Ta murɗa a hankali. "Kashe abin nan, za ka tashe min yarinya," in ji zabuwar. Ta ƙara. "Kashe abin nan," in ji wata yarinya. Ta ƙara.

"Ki tuna shekaru suna ɗan saukar da murya," Malama ta raɗa mata. "Kada ki neme ta yadda take yau."

Gajera ta gyaɗa kai, ido a rufe. Bayan faɗan akwai tsaki, bayan tsakin akwai 'yar dariyar da ta kuɓuce wa mai faɗan ba da son ranta ba, ta hanci, gajeriya. Ta bi dariyar nan, gaba kaɗan, baya kaɗan, kamar mai neman tasha. Sai kawai Inna ta tsaya a gabanta, matashiya, da kwano a hannu. Ta ɗage yatsunta.

"La'ilaha illallahu," in ji Gwaggo a hankali. "Amaryarmu."

Gajera ta koma farko ta danna.

"Yana ɗauka kuwa? Ga jar wuta ta kama. To, jama'a, ga mai gyaran famfo ya yi rediyo."

Ba murya mai kauri ba ce. Sassauƙa ce, tana ɗan bi ta hanci, da dariya kwance a ƙarƙashinta, irin ta mutumin da bai iya riƙe fushi ba. Yana jan ƙarshen kalma kamar bai son rabuwa da ita. Gwaggo ta ƙwalla salati ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro. Gajera ta dafe teburi da hannu biyu. Ga shi a ɗakin, a wannan ƙasa mai sanyi, ƙarƙashin ƙasa, yana numfashi tsakanin kalma da kalma. Har ta ji lokacin da ya haɗiye yawu. Malama ta sunkuyar da farin kanta kamar yadda ake yi in babba ya shigo.



Ya yi ta zuba. Ya faɗi inda ya sayi rediyon, ya yi wa mai kayan tsiya. Ya ce 'yarsa tana barci, in ta girma sai ta fi shi tsawo. Macen ta yi faɗanta, ta yi tsakinta, dariyar ta kuɓuce mata. Sai aka ji kujera ta motsa, muryarsa ta juya gefe, ta yi laushi.

"Ajiye kwanukan nan ki zo ki zauna. Tun asuba kike tsaye. Kin gaji, ko?"

"Ban gaji ba," in ji matashiyar cikin zaren, da tsiwa.

"Na gaji," in ji Inna a waya. "Wallahi na gaji, Baban yarinya."

 Zaren ya ci gaba, jaririya ta farka da kuka, ya ce af, ga shi an jawo masa, aka ji ƙwas.

Inna ta fyace hanci, ta gyara murya.

"Gajera."

"Na'am, Inna."

"Kada ki ƙara taɓa abin murɗawar nan. Ki gaya wa malamarku a nan za a bar shi."

"To, Inna."

"Yaya, matsa min in zauna. Ke kuma, Gajera, mayar da maganar farko."